Wasiƙa zuwa ga ɗana kan ban-ruwan fangalinsa

Assalamu alaikum, ɗana.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyalinka. Saƙonka ya iso, na kuma ga hoton fangalin da ka ɗaga da katako. Na ji daɗi ƙwarai, sai dai ganyen tumatirin nan da ya yi yaushi ya tsaya mini a rai. Ka ce kullum da yamma kana kwarara masa ruwa, amma kafin rana ta take washegari ƙasa ta bushe. Haka fangali mai tudu yake: rana da iska suna bugunsa ta kowane gefe, ƙasarsa kuma sako-sako ce, ruwan da aka juye lokaci guda zurarewa yake yi ta jikin katako kafin saiwa ta sha. Abin da shuka take so shi ne ruwa ya riƙa ɗiga a gindinta kaɗan-kaɗan, ya daɗe yana sauka. Bari in nuna maka yadda za ka haɗa ban-ruwan ɗigo da bokiti da tiyo.

Kafin ka taɓa tiyo, yi lissafi. Ruwa mai zurfin milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne cif. A kwanakin zafi kayan lambu kan sha kamar milimita 5 a rana, wani lokaci fiye. Ka ce fangalinka faɗinsa mita 1.2 ne, tsawonsa mita 3, wato murabba'in mita 3.6, ka ga lita 18 ke nan. Bokiti ɗaya mai cin lita 20 ya ishe ka a yini. Ka nemi mai murfi wanda haske ba ya ratsa shi, don haske ne yake haifar da gansakuka a ruwa, murfin kuma ya hana sauro yin ƙwai. Ina roƙonka, kada ka ɗauko mazubin da ya taɓa cin maganin ƙwari ko man fetur, komai wankin da aka yi masa. Abin da jikokina za su ci ne za ka shayar.

Ɗora bokitin a kan abu mai ƙwari da ya ɗara saman fangalin da mita 1. Ka tuna lita 20 na ruwa kilo 20 ne, kada ka ɗora shi kan abin da yaro zai jingina ya kife. Wannan tsayin shi ne injinka, amma ƙarfinsa kaɗan ne, kashi 1 cikin 10 kawai na "bar", wato ma'aunin ƙarfin turin ruwa, alhali famfon gida kan ninka haka sau 20 ko fiye. Shi ya sa dole tiyon ya zama gajere, ya kwanta daidai ba tudu ba kwari. Huda bokitin santimita 3 sama da gindinsa don laka ta sami wurin kwanciya, ka ɗaura ƙaramin famfo da zoben roba ciki da waje. A bakin bokitin ka ɗaure tsumma mai tsabta, duk ruwan da zai shiga ya bi ta cikinsa.

Daga famfon ka jawo tiyo mai kaurin milimita 13 zuwa 16, ka raba shi biyu da mahaɗa mai baki uku, kowane layi ya bi tsawon fangalin, santimita 30 daga gefen katako.

Yanzu ga inda nake so ka natsu, wurin huji. Farkon yin nawa da ƙusa na huda, ina ganin babban rami zai fi ba da ruwa. Bokiti ya ƙare cikin 'yan mintuna, shukokin farko suka jiƙe sharkaf, na ƙarshen layi ko ɗigo ba su samu ba, cikin mako guda na rasa su, abin ya dame ni sosai. Allura za ka ɗora a wuta ka soka, rami ɗaya kowane santimita 30, wato 10 a kowane layi. Ƙaramin rami ana iya ƙara masa faɗi, babba kuwa sai dai a naɗe shi a sake wani. Ramukan su kalli sama, don datti a ƙasan tiyo yake taruwa. Idan ka ga ruwa yana tsartuwa, naɗa ƙyalle a wurin, zai koma ɗigo. Ƙarshen kowane layi ka lanƙwasa shi ka ɗaure da waya, kada ka toshe shi dindindin, domin duk mako za ka kwance ruwa ya wanke cikinsa.

Kafin ka yarda da aikin, tara kofi ɗaya a ramin farko, ɗaya a na ƙarshe, ka buɗe famfo minti 10. In sun yi kusan daidai, madalla. In na ƙarshe bai kai rabin na farko ba, ko dai tiyon ya hau tudu, ko ramukan farko sun yi faɗi.

Dabarar nan ba sabuwa ba ce. Fiye da shekara 2000 da suka wuce manoman ƙasar Sin suna binne tukunyar ƙasa a gona su cika ta, ruwa ya riƙa tsatsafowa zuwa saiwa. Ta zamani kuwa, injiniyan ruwa Simcha Blass ne ya lura da wata bishiya da ta fi 'yan uwanta girma saboda bututun da ke yoyo a gindinta, har a 1965 aka kafa kamfanin Netafim a Isra'ila a kan wannan tunani. In za ka yi tafiyar kwana biyu, tukunyar da aka binne har wuya aka rufe bakinta za ta tallafa wa bokitin.

Rufe tiyon da busasshiyar ciyawa mai kaurin santimita 5, ta tare danshi ta kuma kare robar daga rana. Ka riƙa buɗe famfo da sassafe. Irin da ka shuka bai tsiro ba kuwa, ci gaba da yayyafa masa da hannu, saiwarsa ba ta kai ga ɗigon ba tukuna. Lita 18 ɗin nan ma mafari ne kawai: da yamma ka tura yatsa cikin ƙasa har gaɓa ta biyu, in da laima ka bar shi haka, in ya yi caɓal ka rage, in ya fito a bushe ka ƙara.

Idan ka gama gwajin kofunan ka aiko mini da hotonsu tare da na tumatirin, ina so in gani da idona. Ka gaishe mini da mai ɗakinka da yara. Allah ya yi maka albarka, ya sa wa shukar albarka.

Mahaifinka.