Roƙon Tallafi Domin Tsohon Cocin Katako na Greensted

'Yan'uwa masu jin Hausa mazauna Ingila, iyaye da ƙanne, salama a gare ku.

Kwamitinmu na zumunta ya amince mu tara gudummawa domin kula da ginin cocin St Andrew da ke ƙauyen Greensted, kusa da garin Chipping Ongar a yankin Essex, arewa maso gabas da Landan. Ƙaramin coci ne na ɗariƙar Angalika, kuma ana ɗaukarsa a matsayin cocin katako mafi tsufa da ke tsaye a duniya. Har yau ana sujada a cikinsa.

Bangon zauren sujada ba da dutse aka gina shi ba. Gungumen itacen oak aka tsaga biyu, aka kafa su a jere, ɓangaren da ke da doro yana kallon waje, kuma 51 daga cikinsu suna nan. An daɗe ana cewa ginin na shekarar 845 ne, sai binciken da aka yi a 1995 a kan zobban da ke cikin katakon, waɗanda ke nuna shekarun itace, ya nuna bayan 1053 aka sare itatuwan. Wannan ya ɗan taɓa labarin da mutanen wurin suke alfahari da shi, wai gawar Edmund, sarkin East Anglia da mahara daga Denmak suka kashe, ta kwana a nan a 1013 ana kan hanyar mayar da ita garin Bury St Edmunds. In ma ta kwana, to a ginin da ya gabaci wannan ne. Haƙar da aka yi a 1960 ta gano alamun tsofaffin gine-ginen katako a ƙarƙashin wurin bagadi.

Abin da ya fi jan hankalin kwamiti shi ne gyaran 1848. Lokacin gindin gungumen ya ruɓe saboda laima, ginin yana neman durƙushewa. Limamin cocin, Rabaran Philip Ray, ya sa aka sauke su, aka yanke ruɓaɓɓen wurin, aka gina ɗan gajeren dakali na jan bulo, aka mayar da su a kansa. Masu nazarin gine-gine suna ƙorafin cewa magyaran wancan zamani sun yi wa ginin shisshigi da yawa, kuma da gaskiyarsu. Amma ba don wannan dakalin ba, da wuya a ce akwai abin da za mu je mu gani yau. Ruwa ne babban abokin gaban irin wannan gini, kamar dai soron ƙasa da aka bar indararonsa a toshe har damina ta kama. Marmarar rufi guda ta zame, ko magudanar ruwa ta cika da ganye, sai katako ya jiƙe, ƙwari masu cin itace su samu wurin zama.

Da yawa cikinmu mun zo ƙasar nan da zaton gwamnati ce ke riƙe da tsofaffin coci-coci. Ba haka ba ne. Nauyin yana wuyan majalisar ikilisiyar ƙauyen, daga baiko da abin da baƙi suka jefa a akwati. Dokar Cocin Ingila ta ce kowace shekara 5 sai masanin gini ya duba ginin ya rubuta abin da ke bukatar gyara. Da yake kuma yana sahun farko na gine-ginen tarihi da doka ta kare, ba a taɓa shi sai da izini, ba kuma kowane kafinta ake kira ba. Ga kuɗin inshora, ga na wuta. Mutanen ƙauyen kuwa 'yan kaɗan ne.

Saboda haka muna roƙo kowa ya ba da abin da ya sawwaƙa. Wanda yake biyan haraji a Birtaniya, ya fi kyau ya miƙa wa ikilisiyar kai tsaye ya cike takardar Gift Aid, domin a kan kowane fam 100 hukumar haraji za ta ƙara fam 25. Sauran mutane kuma su ba ma'ajinmu bayan sujada, su karɓi rasit. Za mu karanta jimillar abin da aka tara a gaban taro kafin mu miƙa shi. Masu son zuwa su ga wurin da idonsu su ba sakatare sunayensu domin a shirya mota.

Ubangiji ya sāka da alheri.

Kwamitin Zumunta