Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Katsina: A Kai Bikin Muhalli Gona Tun Kafin Sassabe

Mai Girma Gwamnan Jihar Katsina, Malam Dikko Umaru Raɗɗa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya dafa maka a kan nauyin da ke wuyanka, musamman sha'anin tsaro da ya raba talakawa da yawa da gonakinsu. Ni tsohon malamin firamare ne, na ajiye alli na koma ga fartanya a wani ƙauye na arewacin jihar nan, inda in iskar bazara ta taso sai mutum ya ji yashi a haƙoransa. Maganar itatuwa ce ta sa na ɗauki alƙalami, da kuma yadda muke yi musu biki.

Kowace ranar 5 ga Yuni duniya na bikin Ranar Muhalli, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 1972, ranar 17 ga watan kuma a yi ta yaƙi da kwararowar hamada. Ina son ranakun nan, lokacin da nake aji na sha jera yara su yi waƙar dashen itace. Sai dai na ga abin da ke biyo baya da idona. Wata shekara an kawo mana dashe sama da ɗari a baƙar leda, aka kafa rumfa, aka yi jawabai, babban baƙo ya duƙa ya dasa na farko aka yi tafi. Ba a ce wane ne zai riƙa ban ruwa ba, ba a yi shinge ba. Kafin kaka ta wuce awaki sun cinye rabi, rani ya ƙarasa sauran. Biyu kaɗai suka rayu, su ma don wata tsohuwa mai sayar da ƙosai a bakin ƙofar makaranta ta kewaye su da ƙaya, tana juye musu ruwan alwalarta safe da yamma. Yau a inuwar darbejiyar nan yara ke zama in an tashi tara. Har ta koma ga Mahaliccinta ba a taɓa ambaton sunanta a lasifika ba.

Ranka ya daɗe, dajin da muke kashe kuɗi muna nema yana nan binne a ƙarƙashin gonakinmu. Kowane manomi ya san sabara da kalgo da geza. Bana ka sassabe su ka tara ka cinna musu wuta, baɗi su sake tohowa a wurin da ka bar su, kamar suna yi maka gardama. Abin da ke dawo da su saiwa ce mai rai, wadda ta yi shekaru tana nitsawa har ta kai ga laimar da dashen cikin leda ba zai taɓa ba sai ya shekara biyu ko uku ana yi masa hidima. Mu kuwa duk bazara sai mu ƙone abin da ba ya buƙatar ban ruwa, damina ta zo mu sayo wanda ba ya rayuwa sai da shi.

'Yan uwanmu na ƙetaren iyaka sun riga mu gane wannan. Na ce 'yan uwa don Maraɗi Katsina ce, sarkinta har gobe Sarkin Katsina ake kiransa, kuma daga Jibiya zuwa can ba tafiyar kwana ba ce. A farkon shekarun 1980, wani ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo yana aikin dashen itatuwa a yankin Maraɗi, dashensa na ta mutuwa kamar namu. Ya lura cewa 'yan tsire-tsiren da ke warwatse a gonaki kututtura ne na manyan itatuwan da aka sare. Bayan farin 1984 manoma suka fara gwada barin su, da farko da shakka, daga baya suka ga amfanin da idonsu, maƙwabci na koya wa maƙwabci. Sassaben zamani suke kiran abin. Masu bincike da suka kwatanta tsofaffin hotunan sama da na tauraron ɗan'adam sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200, galibinsu ba wanda ya dasa su. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta duniya mai suna Right Livelihood, a shekarar da aka ba marigayi Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso da ya mayar da faƙo daji da ramukan taki.

Aikin ba shi da wuya, wuƙa mai kaifi ko lauje kawai yake so. Manomi zai tsaya a kan kututturen da ya tsiro da rassa goma ko ashirin, ya zaɓi uku zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa, ya yanke sauran, ya share ƙananan rassan ƙasa don gero ya sami rana. Abin da ya yanke itacen girki ne, matar gida ta huta da doguwar tafiya. Na fara yi a gonata shekara shida da suka wuce, bayan na je ta'aziyya wani gari kusa da Matamaye ta Nijar na ga gero a tsakiyar gawo kamar an shirya su da hannu. Maƙwabtana sun ce na zama rago, na bar gona da datti. Yanzu in iska ta taso bayan shuka, gonata ba ta binnewa kamar dā, ban ƙara yin shuka sau uku a damina ɗaya ba.

Gawo kuwa ni'ima ce ta musamman. Da damina, lokacin da sauran itatuwa ke lulluɓe da ganye, shi sai ya zubar da nasa, amfanin gona ya sha rana, ganyen ya ruɓe ya zama taki. Da rani ya yi kore, dabbobi su kwanta a inuwarsa su bar kashi, 'ya'yansa su zama abincinsu a lokacin da babu ciyawa ko ɗaya. Kakanninmu sun san gero ya fi kyau a gindin gawo tun kafin masana su bayyana cewa saiwarsa na ƙara wa ƙasa sinadarin da muke saye a buhu da tsada. Kai da karatunka na jami'a a fannin noma yake, ba sai na tsawaita maka ba.

Abin da ya fi damuna shi ne dalilin da ya sa manominmu ke kashe itace tun yana ƙarami. Tsoro ne. Yana ganin in ya bar shi ya girma, ba nasa ba ne kuma: ranar da ya sare reshe za a zo a ci shi tara, ranar da ya juya baya mai gawayi ko mai kiwo zai zo ya yi masa ƙarƙaf. A Nijar abin ya bunƙasa ne da manomi ya tabbata cewa wanda ya rena shi ke da shi, kuma a 2020 gwamnatinsu ta fitar da doka a kan haka. Ina roƙonka ka sa a duba dokokin dajinmu, a fito da magana ɗaya da za a faɗa a rediyo da Hausa: itacen da mutum ya rena a gonarsa nasa ne, yana da ikon yi masa aski da cin moriyarsa. A zaunar da hakimai da dagatai da arɗo-arɗo su yarda a kan yadda makiyayi zai sami ganyen gawo ba tare da ya kashe uwar ba, domin shi ma rayuwarsa a kan itacen take.

Kuɗin ma ba sabo za a nemo ba. Katsina na cikin jihohi 11 na shirin Babbar Koriyar Ganuwa na tare hamada da itatuwa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, Najeriya ta kafa masa hukuma a 2015, kuma muna cikin shirin ACReSAL na Bankin Duniya mai farfaɗo da ƙasar da ta lalace. Kaɗan daga abin da ke tafiya a leda da rumfuna zai isa a ɗauki manoma maza da mata daga Kaita, Mashi, Mai'aduwa, Zango da Ɓaure a kai su gonakin Maraɗi da Damagaram su kwana biyu. Manomi ya fi yarda da gonar ɗan uwansa a kan allon malamin gona. Ban ce a rufe gandun renon dashe ba. Mangwaro, zogale da darbejiyar bakin titi dole sai an dasa. Amma duk dashen da za a raba, a rubuta sunan wanda zai kula da shi.

Sai maganar lokaci, wadda ita ce ainihin roƙona. Ranar 5 ga Yuni ta makara. Kafin ta zo an gama sassabe, hayaƙi ya tashi, kututture sun zama toka. Bikinmu na jiha ya kamata ya faɗo a watan Maris ko Afrilu, a tsakiyar gona, limamai su share masa fage a huɗubar Juma'a da hadisin da ke cewa duk Musulmin da ya dasa itace, tsuntsu ko mutum ko dabba ya ci daga gare shi, sadaka ce a gare shi. A ranar a kira manoman da itatuwansu suka shekara uku da rai, a kira irin tsohuwar nan mai ƙosai da matan da suka koma murhu mai tsimin itace, gwamna ya miƙa musu kyauta da hannunsa a gaban jama'arsu.

Idan ka amince, ka turo malaman gona su zo kafin sassaben bana. Akwai gawo goma sha ɗaya a gonata da suka fi ni tsawo, da kalgo da ban ƙirga ba, zan zaga da su su gani.

Allah ya ja zamaninka, ya ba mu damina mai albarka.

Naka mai biyayya,
Tsohon malamin firamare, manomi daga arewacin Katsina