Gaisuwar Sallah daga Kuala Lumpur

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga Baba da Inna da dukan mutanen gida. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, barkanmu da shan ruwa, barkanmu da Sallah. Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya maimaita mana, Ya jiƙan magabatanmu. Ina fata ƙafar Inna ta yi sauƙi har ta samu zuwa Idi. Ni dai lafiyata ƙalau, karatu kuma yana tafiya, alhamdulillahi.

Agogon Malesiya ya riga naku da awa bakwai, muna masallacin Idi kuna tsakiyar barci. Tun ana saura kwanaki birnin ya fara watsewa, kowa ya kama hanyar garinsu. Wani abokin karatuna ya ƙi yarda in yi Sallah ni kaɗai a ɗaki, ya tafi da ni ƙauyensu a jihar Perak. Daren jajibiri maza suka duƙufa kan dafa wani abinci da suke kira lemang. A yanko gora mai faɗin ciki, a shimfiɗa mata ganyen ayaba, a zuba shinkafa mai danƙo da madarar kwakwa, sannan a jera gororin a jingine gefen wutar itace, ana juya su a hankali na tsawon awanni don kada gefe ɗaya ya ƙone. Da safe a tsaga gorar, a yayyanka shinkafar, a ci da naman sa da aka dafa da kwakwa da kayan yaji har ruwansa ya ƙafe. Da aka sauko daga Idi, 'ya'ya da jikoki suka jeru, kowa ya durƙusa gaban tsohon gidan da matarsa, ya kama hannunsu ya kai goshi, ya nemi gafara. Ina gefe ina kallo, idona ya ciko. Baba, Inna, ni ma daga nan na durƙusa, ku yafe mini.

Baba, da muka yi waya a goman ƙarshe kun ce kun jefa katin zaɓenku a ƙasan akwati, ba za ku ƙara bin layi a rana saboda wani ɗan siyasa ba. Kuka kuma tambaye ni, tunda siyasar mutanen Asiya na zo karanta, ko a nan ƙuri'ar talaka tana tsinana masa wani abu. Layi bai bari na amsa ba. Maganar ta tsaya mini a rai, don na san bakin da ta fito: mutumin da ya yi wa PRP yawo a kan keke a 1979, wanda har yau hoton Malam Aminu Kano ke rataye a zaurensa.

Ƙasar nan ta samu 'yanci daga Ingila a 1957. Daga nan har 2018 ƙawance ɗaya ne ke mulki, wanda aka fi sani da Barisan Nasional, jam'iyyar UMNO ce uwa a cikinsa. Shekara 61 ana zaɓe, kowa kuma ya san wanda zai ci tun ba a buga takardun ƙuri'a ba. Sai aka wawure biliyoyin daloli daga wani asusun gwamnati mai suna 1MDB, ga tsadar rayuwa. Aka sa zaɓe ranar 9 ga Mayu 2018, ranar Laraba, tsakiyar mako, alhali mutane da yawa sai sun koma garuruwansu suke jefa ƙuri'a. Sai jama'a suka riƙa tara wa juna kuɗin mota ta intanet, mai mota ya ɗauki wanda bai taɓa gani ba. Na ƙasashen waje suka riƙa damƙa ƙuri'unsu a hannun matafiya a filin jirgi don su iso kan lokaci. Gwamnati ta faɗi. Firaminista Najib Razak, ɗan firaministan ƙasar na biyu, ya gurfana a kotu, a Agusta 2022 ya shiga gidan yarin Kajang.

Ba zan ba ku rabin labari ba. Sabuwar gwamnatin wata 22 kawai ta yi. A Fabrairu 2020 wasu 'yan majalisa suka gana a wani otal, suka sauya sheƙa, cutar da muka sani sarai, waɗanda aka kayar suka dawo cikin gwamnati ba tare da an jefa ƙuri'a ko ɗaya ba. Mutane da dama a lokacin sun yi irin rantsuwar da kuka yi. Amma ƙungiyar Bersih mai neman tsabtace zaɓe, da lauyoyi, da malaman jami'a, ba su saki ba, suka yi ta rubutu da taruka da matsa wa majalisa lamba, har a 2022 aka gyara kundin tsarin mulki: ɗan majalisar da ya bar jam'iyyar da aka zaɓe shi a cikinta ya bar kujerarsa. Dokar tana da ɓaraka, don wasu sun koyi mara wa gwamnati baya ba tare da sun fita daga jam'iyyarsu ba, yanzu kuma a kan wannan ake fama.

Nawa aikin na digiri na uku a kan matasa ne. A 2019 majalisa ta rage shekarun zaɓe daga 21 zuwa 18, ta kuma ce duk wanda ya kai, sunansa zai shiga rajista kai tsaye. Matasa ne suka faro neman haka da sunan Undi18. Da gwamnati ta yi ta jan ƙafa, wasu matasa a jihar Sarawak suka maka ta a kotu suka yi nasara, dokar ta fara aiki a Disamba 2021. Masu rajista suka tashi daga kusan miliyan 15 zuwa sama da miliyan 21. Masana da yawa sun zaci sababbin masu zaɓen za su bi 'yan neman sauyi na birane. Da aka yi zaɓen Nuwamba 2022 sai ga PAS, jam'iyyar malaman addini, da kujera 43 cikin 222, ta fi kowace jam'iyya guda. Mahathir Mohamad, wanda ya yi firaminista sau biyu, ya sha kaye a mazaɓarsa ta Langkawi yana da shekara 97. Babu ɓangaren da ya samu rinjaye, aka yi kwana biyar ana shiga da fita a fada, sannan Sarkin ƙasar ya naɗa Anwar Ibrahim firaminista, mutumin da ya shafe shekaru a kurkuku.

Abin da nake nema shi ne dalilin da ya sa yaran suka zaɓi abin da suka zaɓa. Nakan tafi jihohin Kedah da Kelantan da unguwannin talakawa na Kuala Lumpur da 'yar na'urar naɗar murya da mai yi mini tafinta, in zauna da ɗaliban makarantun addini, da 'yan mata ma'aikatan masana'anta, da masu kai abinci a babur. Wani daga cikin masu babur ɗin, hular kwano a cinya, wayarsa na ta ƙara ana kiransa aiki, ya ce mini shi bai taɓa karanta manufofin wata jam'iyya ba, a TikTok ya san 'yan takara. Amma ya lissafa mini abin da yake samu a rana, da abin da mai ke ci, da yadda haya ta ƙaru, ya ce wanda ya gaza a kan waɗannan zai canja shi a zaɓe mai zuwa. Bai faɗa da fushi ba, ya faɗa ne a matsayin abin da yake hannunsa.

A sashenmu kusan kowane mako akwai taron ƙara wa juna sani, ɗalibai daga Indonesiya da Bangladesh da Pakistan da Tailan kowa da labarin ƙasarsu. Wannan sakewar ma sabuwa ce, don wata doka ta 1971 ta daɗe tana hana ɗalibi shiga jam'iyya, sai a 2012 aka sassauta ta. Muna yawan aiki da wani babban binciken jin ra'ayin jama'a, Asian Barometer, wanda Jami'ar Ƙasa ta Taiwan ke jagoranta tun 2001, irin wanda Afrobarometer ke yi a Najeriya da Nijar. Abin da ya daɗe yana fitowa shi ne, mutane da yawa in an tambaye su abin da suke jira daga dimokuraɗiyya, gwamnati mai amana da abin sawa a baki da rage tazara tsakanin mai shi da marar shi suke sa wa gaba. Kuma mutanen Japan da Koriya ta Kudu da Taiwan, inda aka fi sakin baki, sun fi na Sin da Biyetnam kuka da gwamnatocinsu. Malamai na musu a kan dalili, wasu sun ce tsoro ne ke rufe bakin waɗancan, wasu sun ce bunƙasar arziki ce ta gamsar da su. Ni dai duk sanda na duba waɗannan alƙaluma ku nake tunawa, Baba, don wanda ya san yana da haƙƙi shi ne yake jin zafin an tauye shi.

A gaya wa Kawu ban manta da musunmu ba, wanda ya ƙara zafi tun da sojoji suka karɓi mulki a Nijar a Yuli 2023, cewa tsarin dimokuraɗiyya kayan Turawa ne bai dace da mu ba. An yi irinsa a nan. A shekarun 1990 Lee Kuan Yew, tsohon firaministan Singafo, da Mahathir sun dage cewa mutanen Asiya sun fi buƙatar tsari da biyayya da ci gaba. Wanda ya mayar wa Lee martani a rubuce a 1994 shi ne Kim Dae-jung na Koriya ta Kudu, wanda gwamnatin soja ta yanke wa hukuncin kisa a 1980. Ya kafa hujja da tsofaffin malaman Sin da suka koyar cewa sarkin da ya zalunci talakawa ya zubar da haƙƙin sarauta. A 1997 aka zaɓe shi shugaban ƙasa. A daren 3 ga Disamba 2024 wani shugaban ƙasar, Yoon Suk Yeol, ya kafa dokar soja. Jama'a suka fito cikin sanyi suka tsaya a ƙofar majalisa, 'yan majalisa suka haura katanga, su 190 suka soke dokar, kafin gari ya waye an janye ta. A Afrilu 2025 kotu ta raba shi da kujerar.

Kawu yana da abin kamawa, ba zan ɓoye ba. Wani lokaci nakan yi Juma'a da 'yan Rohingya, Musulmin da suka gudo daga Myanmar, a wajen kasuwar Selayang. A 2017 sojojin Myanmar sun kori 'yan uwansu sama da dubu 700 zuwa Bangladesh, alhali zaɓaɓɓiyar gwamnati ce a kan kujera, ba ta kare su ba, su kuma tun 2015 an hana su ƙuri'a. Sai dai da sojojin suka ƙwace mulki gaba ɗaya a 2021, yaƙin basasa ƙasar ta faɗa. A nan Malesiya ma akwai gyara. A zaɓen 2022 mazaɓar Bangi tana da masu zaɓe sama da dubu 300, ta Igan a Sarawak ba su kai dubu 30 ba, kowacce kuma kujera ɗaya gare ta, wato da mudu biyu ake auna 'yan ƙasa ɗaya. Ƙabilanci tsakanin Malay da 'yan asalin Sin da na Indiya yana nan a gindin siyasarsu, kuma dattawa ba su manta da jinin da aka zubar ranar 13 ga Mayu 1969 bayan wani zaɓe ba.

A gidan da na yi Sallah, tsohon ɗan UMNO ne tun yana saurayi, surukinsa ɗan PAS, 'yarsa malamar makaranta kuma tana bayan Anwar. Bayan la'asar suka kaure da musu kan cire tallafin man dizal da aka yi a 2024 da farashin shinkafa, har muryoyi suka tashi. Tsohon ya ga faɗuwar jam'iyyarsa da ɗaure tsohon shugabanta Najib, ya ce ya yi baƙin ciki sosai, amma in Allah Ya kai shi zaɓe mai zuwa jikansa zai kai shi rumfa ko a kan keken guragu ne. Shekarunsa za su yi daidai da naku. Baba, ina roƙonku ku fito da katin nan daga akwati. Ban ce wanda za ku zaɓa zai cika alkawari ba. Amma ku ne kuka fara riƙe hannuna zuwa rumfar zaɓe ina yaro, kuma yaran gidan nan ku suke kallo.

Na turo ɗan abin da ya samu ta hannun Yaya. A cire na maganin Inna tukuna, sauran a raba wa yara goron Sallah, a kuma kai wa Gwaggo nata. Auta, na ji kin kusa jarrabawa, ki rage waya ki kama littafi, in kin ci akwai alkawari tsakaninmu. Yaya, wani ɗalibi ɗan garinmu zai dawo nan bayan hutu, zan turo maka lambarsa, a haɗo mini kuka da daddawa da yaji, a ɗaure su da kyau cikin leda. Ka kuma turo mini hoton kowa da kayan Sallarsa.

A gaishe da Liman da maƙwabta da duk wanda ya tambaye ni. Ku ci gaba da sa ni a addu'a, musamman kan rubutun da nake son kammalawa kafin ƙarshen shekara.

Wassalam,
Ɗanku.