Ɗana, kafin ka sayi kyamarar nan

Assalamu alaikum ɗana, ya aiki ya ƙoƙari, da fatan kana lafiya. Naga saƙonka cewa kuɗin da kake tarawa sun kusa isa amma ka rasa wacce zaka ɗauka tsakanin DSLR da marar madubi, wato miroles, shine nace bari in zauna in rubuto maka a tsanake.

DSLR akwai ɗan madubi a cikinta, hasken da ya shigo ta lens sai ya bugi madubin ya hau zuwa idonka, in ka danna sai madubin ya ɗaga hasken ya faɗa kan sensa, wato ɗan faifan da yake karɓar haske ya maida shi hoto, yawancin ƙarar nan da kake ji tasa ce. Miroles kuwa an cire madubin, haske kai tsaye yake zuwa sensa, abinda kake leƙawa ɗan ƙaramin allo ne, saboda haka tun kafin ka danna kana ganin hoton zai yi duhu ne ko haske zai cinye shi. Wlh wannan ba ƙaramin taimako bane ga mai koyo, mu a lokacinmu sai ka ɗauka ka duba ka gyara ka sake ɗauka. Ga kuma fokas ɗin da yake kama idon mutum ya riƙe ko yana motsi, in zaka ɗauki yara ko bidiyo zaka gane amfaninsa.

Panasonic ne suka fara fito da miroles a 2008 da G1, Sony suka kawo A7 mai babbar sensa a 2013, a 2018 Canon da Nikon suma suka shigo da R da Z ɗinsu, kuma tun daga nan sababbin lens ɗinsu kusan duk can suka karkata. To in sabuwa dal zaka saya, miroles nake ba ka shawara.

Amma kar wani ya raina maka DSLR. Batirinta na da juriya sosai, Nikon D850 an auna tana yin hoto 1,840 a caji ɗaya, miroles da yawa ko rabin haka basa kaiwa tunda allon kullum a kunne yake. Sannan tsofaffin lens nata sun cika ko'ina, Nikon tun 1959 suke kan bakin F, wato irin bakin da ake ɗaura lens a jikin kyamara, Canon kuma EF tun 1987, kuma ko nan gaba ka koma miroles da adafta, ɗan zoben da ake sawa tsakanin lens da kyamara, zaka ci gaba da amfani dasu.

Abinda yafi damuna shine kar ka juye kuɗin duka a jikin kyamara ka dawo kana fama da lens ɗin da ake haɗowa da ita. Jiki shekara kaɗan an fito da wani, lens mai kyau kuwa sai ya raka ka jiki uku. Ka fara da 50mm f/1.8, bakinsa na buɗewa sosai, a ɗaki mai ƙarancin haske ma zai baka hoto mai tsabta kuma bayan mutum ya narke fuskarsa ta fito. Zancen megafiksel kuma, wato miliyoyin ƙananan ɗigon da suke haɗuwa su zama hoto, kar ya ɗauke maka hankali, 24 ta ishe ka, wato ɗigo 6000 a 4000 kenan. Girman sensa yafi shi tasiri, babbar nan mai milimita 36 a 24 tafi tara haske da dare, sai dai ita da lens ɗinta sunfi nauyi.

In aikin mutane zaka riƙa yi dan Allah ka nemi mai ramin memori biyu. Sau ɗaya kati ya taɓa mutuwa a hannuna bayan na gama ɗaukar taro, har yau in na tuna fuskar mutanen nan raina baya min daɗi.

In ta hannu ce ka duba sau nawa aka danna shota, ka haska tocila cikin lens ko akwai fumfuna, ka riƙe ta na ɗan lokaci kaji ko ta zauna a hannunka. Ka turo min sunan wacce ka gani kafin ka biya. Mamanka na gaishe ka, Allah yayi maka albarka.

Babanka