Gayyar gyaran dam kafin damina

Assalamu alaikum ƴan uwa masu lambu a ƙasan dam ɗin Alhaji.

Asabar bayan sallar asuba akwai gayya, kowa ya zo da shebur ko adda. Za mu yashe mafitar rarar ruwa, mu kwashe buhunan yashin da aka tare ta da su, don ruwa in ya haura bango, cinye shi yake yi. Sai a sare ƙananan bishiyoyin jikin bango, a cike ramukan gafiya da yumɓu, a daddaƙe.

Wanda ya ga ruwa na tsattsafowa ta bayan bango ya duba da kyau. In da laka yake fitowa, ƙasa ce ke zaizayewa daga ciki. A kira mu nan take, a janye yara da dabbobi daga kwari.

Allah ya ba mu damina mai albarka.