Albaras da damuwa: a ƙara wa masu karatu bayani

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na ji daɗi da kuka taɓo maganar albaras a shafinku na lafiya, musamman da kuka ƙaryata camfin nan na cin kifi da shan nono. Amma inda aka ce damuwa ce ke kawo ciwon, an yi wa zancen gajeriyar riga, kuma ina tsoron a koma ɗora wa masu ciwon laifi.

Gaskiya ne akwai alaƙa tsakanin fata da sinadarin adiranalin, wanda ke sa zuciya bugawa da ƙarfi idan mutum ya firgita. Tun shekarun 1990 Farfesa Karin Schallreuter, wadda ta yi aiki a Hambug ta Jamus kafin ta koma Jami'ar Biradfod a Ingila, ta nuna cewa ƙwayoyin saman fata da kansu suna iya yin wannan sinadari, ba sai ya zo daga cikin jiki ba. Suna kuma da 'yan makarɓai da ake kira beta-2, inda saƙonsa ke sauka. A fatar masu albaras ta tarar makarɓan nan sun yi yawa fiye da kima. Ta kuma gano cewa haidirojin feroksaid, ruwan nan mai kumfa da ake wanke ciwo da shi a kemis, yana taruwa a fatarsu, alhali sinadarin da ke karya shi ya ragu. Ƙwayoyin da ke yin launi ba sa jure irin wannan yanayi.

A 2020 masu bincike a Jami'ar Habad ta Amurka sun nuna, a jikin ɓeraye, cewa tsananin tashin hankali kan sa jijiyoyi su zuba noradiranalin, ɗan'uwan adiranalin, a gindin gashi. Ta makarɓan beta-2 ɗin nan yake ƙarar da ƙwayoyin da ke sabunta launi, sai gashi ya fito fari. To, amma wannan furfura ce, kuma ta ɓera.

Abin da likitocin fata suka fi yarda da shi yau shi ne garkuwar jikin mutum ce ke juyawa ta kashe ƙwayoyin launi, kuma gado yana da hannu. Damuwa na iya tayar da ciwon ko ta ƙara shi ga wanda jikinsa ke ɗauke da shi, amma ba ita ce tushe ba. Shi ya sa man shafawar da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2022, ruxolitinib, garkuwar jiki yake kwantarwa, bai nufi adiranalin ba.

Bambancin nan ba ƙarami ba ne. Yarinyar da fari ya fito mata a gefen baki da kan yatsu, tana sa safar hannu cikin zafin bazara don kada a kalle ta, masu neman aure suna janyewa, in aka ce mata "ki daina sa damuwa a ranki zai tafi", an ƙara mata nauyi ne. Yawancin damuwar tata daga wurinmu take zuwa, mu da muke janye hannu wajen musabaha muna zaton kuturta ce. Albaras ba ya yaɗuwa, kuma tabonsa yana jin taɓi, saɓanin na kuturta da kan mutu.

Roƙona shi ne kafin 25 ga Yuni, Ranar Albaras ta Duniya, wadda 'yar Nijeriya Ogo Maduewesi ta faro a Legas a 2011, ku nemo likitan fata ya amsa tambayoyin masu karatu, har da na man kare fata daga rana da kuma haɗarin shafa mayukan bilicin a kan tabon.

Na gode.

Mai karatunku,
daga Zariya