Wasiƙa daga Garwa: Furen da ba ya son ƙasa

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da sauran 'yan'uwa na Njamena. Mu nan Garwa sai godiya, hunturu ne kawai ya tsatstsage mana ƙafa. Maman yara tana gaida uwargida.

Saƙonka ya iso, na yi dariya har da tari. Kai da ko albasa ba ka taɓa dasawa ba, yau 'yarka ta dawo daga tafiya da tsarabar furen okid, kana tambayata wace ƙasa za ka zuba masa. To, ko cokali ɗaya kada ka zuba. Da ƙasa na kashe nawa na farko. Na haɗa masa da takin awaki kamar barkono, ina ba shi ruwa safe da yamma, ina ganin gata nake yi masa. Kafin sati uku saiwoyin sun koma kamar taliyar da ta kwana a ruwa.

Hoton da ka turo ya nuna irin nawa ne, wanda masana ke kira Phalaenopsis. Wani masanin tsirrai mai suna Blume ne ya raɗa masa sunan a 1825, don furen ya yi kama da faɗa-wuta ta buɗe fukafukai. Asalinsa dazuzzukan Indunusiya da Filifin ne da maƙwabtansu, kuma a can a jikin bishiya yake maƙale kamar kauci. Bambancinsu, kauci tsotsar bishiyar yake yi, shi kuwa wurin zama kawai ya ara. Saiwarsa a waje take, tana shan iska da ruwan da ya gangaro. Ka ga ke nan binne ta a ƙasa shaƙe ta ne. Idan abin da ya zo a ciki ɓawon itace ne, ka bar shi haka har furen ya gama. Ranar da za ka sauya masa, ka nemi ɓawon kwakwa ka yayyanka, ka jiƙa kwana biyu kana zubar da ruwan saboda gishiri, ka gauraya da gutsattsarin gawayi. Tukunyar ta zama mai huji da yawa, in so samu ne ta roba wadda ake hango cikinta.

Dalilin robar shi ne saiwar ce za ta gaya maka lokacin ban ruwa. In ta yi kore shar, a ƙoshe take, ka kama gabanka. In ta yi fari-fari kamar azurfa, ka kwarara masa ruwa da safe har ya zubo ta ƙasa, ka bari ya tsane. Ni da hunturu kusan duk kwana huɗu ne, da damina kuwa sai ya yi sati ban waiwaye shi ba. Kada ruwa ya kwana a tsakiyar ganyen, nan ne ruɓa ke farawa. In ya shiga ka tsane shi da auduga. Ruwan sama ya fi masa, don na rijiyarmu yana bar masa farin abu kamar kanwa.

Haske yake so, ba rana ba. Tagar gabas da labule mara kauri ta isa. Ranar Njamena ta awa ɗaya za ta ƙona ganyen kamar an ɗora masa dutsen guga.

Babban abokin gābarmu ni da kai shi ne bazara. Shuka ce ta digiri 18 zuwa 30, ga shi a Afrilu muna haura 40. Mutanen Ngaundare, da garinsu ke bisa tudu sama da mita 1,000, ba su san wannan wahalar ba. Dabarata ita ce randa. Na ajiye shi kusa da randar ɗakin maman yara, na rataya jiƙaƙƙen buhun algarara a tagar, ƙarƙashin furen kuma faranti mai tsakuwa da ɗan ruwa, ba tare da gindin tukunyar ya taɓa ruwan ba. Da farko ta ce na mai da ɗakinta lambu, yanzu ita ke jiƙa buhun in na manta.

Sanyin daren nan da muke kuka da shi kuwa, shi ke sa shi fitar da sandar fure. Nawa ya fitar da ɗaya, da furanni bakwai da ba su buɗe ba tukuna, kullum bayan asuba sai na ƙirga su. In suka buɗe sukan kai wata biyu zuwa uku. Idan naka ya zube kada ka ce ya mutu ka jefar. Sandar in tana kore ka yanke ta a saman gaɓa ta biyu, wani lokaci takan sake reshe. In ta bushe ka yanke daga tushe. Takin zamani na ruwa kuma, kwatan abin da aka rubuta a kwalba, sau biyu a wata.

Ka ɗaga shi inda jikokinka da akuyar uwargida ba za su kai ba. Ka turo mini hoton saiwar, ba na furen ba, in ga halin da yake ciki. In an samu mai zuwa ta Kusiri, a haɗo mini da dabino.

Naka har kullum,
Amininka na Garwa